Yadda Ake Zuwa Dubiya a Asibitocin Legas

A Kano ko Sakkwato, idan mutum ya kwanta a asibiti, kafin gari ya waye dangi sun kewaye shi: wannan ta kawo kunu, wancan ya tafi sayo magani, wata kuma ta shimfiɗa tabarma a gefen gado ta kwana. A Legas lamarin ba haka yake ba ga yawancinmu. Mai sayar da tumatir a Mile 12, da mahauci a mayankar Oko-Oba, da direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, da mai gadin gida a Ikoyi, da yawansu sun baro iyali a Arewa, inda ko yau aka aika musu da labari sai sun kwana a mota kafin su iso. Saboda haka idan ciwo ya kayar da ɗayansu, abokan sana'a da maƙwabta da mutanen masallaci su ne uwa, su ne uba. Manzon Allah (SAW) ya lissafa duba mara lafiya cikin haƙƙoƙi biyar da Musulmi yake da su a kan ɗan'uwansa, tare da amsa sallama, da rakiyar gawa, da amsa gayyata, da yi wa mai atishawa addu'a. A garin da mutum ba shi da kowa sai mu, nauyin wannan haƙƙi ya ninka, kuma ya kamata mu san yadda ake sauke shi ta hanyar da za ta rage wa mara lafiya wahala.

Kafin ka baro gida, kira wanda yake jinyarsa. Ka tambaye shi ko jikin ya kai a zo dubiya, da lokacin da ake barin mutane su shiga, da abin da ake buƙata a kawo. Ka kuma tabbatar da sunan asibitin da kyau, domin mutane da yawa sun sha wahalar banza a kan wannan. LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas wanda ya fara aiki a 1962, yana Idi-Araba ne, dab da unguwar Hausawa, kuma na gwamnatin tarayya ne. LASUTH kuwa, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, na gwamnatin jiha ne, yana Ikeja. Sunayen sun yi kama a kunne, amma wanda ya rikita su da yamma, lokacin da ma'aikata suka taso, zai iya ƙarar da lokacin dubiyar gaba ɗaya a cikin danfo, motar hayar Legas. Haka nan idan aka ce maka "yana Janar", ka nemi ƙarin bayani, domin akwai babban asibiti a Gbagada, akwai a Orile Agege, akwai a Isolo, akwai a Ikorodu, ga kuma tsohon da ke cikin tsibirin Legas. Ka karɓi sunan ɗakin da aka kwantar da shi da lambar gado, sannan ka tambayi sunan da aka rubuta a katinsa. Mu a kasuwa da laƙabi muka san juna, kuma nas ba za ta gane wanda kake nufi ba idan ka ce mata Ɗan Asabe mai albasa kake nema, alhali a takarda sunan yanka da sunan mahaifi aka rubuta.

Kowane asibiti yana da sa'o'in da ya ware wa masu dubiya, galibi da yamma, kuma akan rubuta su a bakin ƙofar ɗaki. Dalilin ware su a bayyane yake: da safe ne likitoci suke zagayen duba marasa lafiya, ana wanke raunuka, ana ɗibar jini don gwaji, ana yi wa waɗanda ba sa iya tashi wanka, kuma babu wanda yake son baƙi su gan shi a wannan hali. Ka fito da wuri, ka sa cunkoson hanya a lissafinka. Idan ka makara mai gadi ya ce lokaci ya wuce, kada ka tsaya jayayya da shi, kada kuma ka cusa masa kuɗi a hannu. Ka kira mai jinya ya fito ya karɓi saƙo, ka gaishe da mara lafiya ta waya, ka dawo gobe.

Ka duba lafiyar kanka tukuna. Duk mai mura, ko tari, ko zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje da suka fito kwanan nan, ya haƙura da zuwa har ya warke, domin abin da jikinka yake ɗauka a matsayin ƙaramar mura yana iya zama ciwon huhu ga wanda aka yi wa tiyata jiya ko wanda yake shan maganin daji. Mutanen Legas ba su manta da 2014 ba. A ranar 20 ga Yulin shekarar wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a garin nan ɗauke da cutar Ebola, kuma Dakta Ameyo Adadevoh ta tsaya kai da fata ta hana shi barin asibitin da aka kwantar da shi a Obalende. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarshen annobar a ƙasar ranar 20 ga Oktoba. A waɗannan watanni an ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar wuraren taruwar jama'a da yawa, kuma mutane suna wanke hannu ba tare da an roƙe su ba. Wannan ɗabi'a ce ya kamata mai dubiya ya riƙe kullum. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga da bayan ka fito, wanki na sosai mai ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Idan man tsabtace hannu ne a wurin, ka murza shi na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Hannun da ya riƙe ƙarfen motar haya, ya ƙirga canji, ya gaisa da mutum goma a hanya, bai kamata ya sauka kai tsaye a goshin mara lafiya ba. Ƙananan yara kuma a bar su a gida.

Sai batun yawa. Mu mutane ne masu son tafiya a ayari, kuma idan ɗan ƙungiya ya kwanta sai a cika mota guda a tafi. Niyyar tana da kyau, amma ɗakin marasa lafiya na gwamnati gadaje ne a jere, tsakanin wannan da wancan bai fi wurin tsayuwar mutum biyu ba. Idan mutum goma sha biyu suka shiga tare, sun tare iska, sun toshe wa nas hanya, sun kuma takura wa na gadon kusa wanda wataƙila bai runtsa ba tun daren jiya. Ku shiga bibbiyu, sauran su jira a waje. Abin da ya fi wannan ma shi ne ƙungiya ta raba kwanaki: mutum biyu yau, wasu biyu gobe, har a sallame shi. Mara lafiyar da aka yi wa dubiyar taro ranar farko sannan aka ɗauke ƙafa, ya fi jin kaɗaici a mako na biyu, lokacin da kuɗi suka fara ƙarewa kuma ciwon ya ƙi tafiya.

Idan ka isa, ka fara gaishe da ma'aikatan da ke kan tebur, ka faɗi wurin wanda ka zo. Ka yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, idan kuma an ja labule ka tsaya sai an ba ka izini. Idan ka tarar yana barci, kada ka tashe shi don ya san ka zo. Barcin nan magani ne, kuma mai jinya zai gaya masa. Ka zauna a kujera ta wajen kansa, inda zai gan ka ba tare da ya juya wuya ba, kada ka zauna a kan gadon. "Sannu, Baba, yaya ƙarfin jiki?" ta isa buɗe magana, kuma idan ya ce da sauƙi, ka karɓa a haka, kada ka matsa da tambayar me likita ya ce, me aka gani a hoto. Addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa mara lafiya gajeriya ce: "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", wato babu komai, tsarkakewa ce in Allah Ya so. An kuma ruwaito a ce sau bakwai: "As'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka." A yi ta a hankali, yadda shi zai ji, domin a gadon da ke kusa akwai Kirista, akwai wanda ciwon kai yake sara, kuma ladabin da muke so masu addu'ar wani addini su yi mana shi ne ya kamata mu yi musu. Idan ka ga yana damuwa da sallolin da suka wuce shi, ka tuna masa cewa an sauƙaƙa wa mara lafiya: ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefensa, kuma taimama tana isar wa wanda ruwa zai cutar.

Akwai maganganun da ba a kai su bakin gado. Kada ka ce "kai, ka rame!" Kada ka ba shi labarin wane da ya yi irin wannan ciwon bai tashi ba. Kada ka kawo masa rigimar kasuwa, ko bashin da ake bin sa, ko labarin kayan da suka ruɓe a rumfa, sai dai in shi ya tambaya kuma ka ga zai iya ɗauka. Minti goma zuwa sha biyar sun wadatar, sai fa idan shi da kansa ya riƙe ka.

Abinci shi ne wurin da ƙauna ta fi yin ɓarna, kuma na ga haka da idona. Na taɓa zuwa duba wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin unguwarmu a Agege, kwana ɗaya bayan an yi masa aiki a hanji. A saman gadonsa an manna takarda mai haruffa uku, NPO, wadda ma'anarta ita ce kada a ba shi komai ta baki, ko da ruwa ne. Wani amininsa na shekaru ya shigo da filas na kunun gyaɗa da matarsa ta dama tun asuba. Ya dubi leɓɓan dattijon da suka bushe suka tsage, idonsa ya ciko da hawaye, ya ce: "Alhaji, daure ka ɗan kurɓa, ai ciki ba ya zama haka nan." Bai san abin da takardar take nufi ba, mai jinya kuma ya fita karɓo magani. Cokali uku kawai ya ba shi. Ba a jima ba dattijon ya fara kakarin amai, yana dafe da ɗinkin cikinsa da hannu biyu, gumi yana keto masa, nas ta rugo ta fitar da mu duka. Allah Ya kiyaye, amma wahalar da ya sha a wannan yammacin ba ta da dalili. Hanjin da aka yi wa aiki yakan ɗauki lokaci kafin ya koma motsi, kuma wanda za a shigar ɗakin tiyata ana hana shi ci ne domin kada abin da ke cikinsa ya taso ya shiga huhu idan an yi masa allurar barci. Ruwan da jikinsa yake buƙata yana samun sa ta ƙarin ruwa. Idan bushewar bakinsa ta dame ka, ka tambayi nas ko za a iya jiƙa masa leɓe da auduga.

Ko wanda aka yarje wa cin abinci, ba kowane abu ne ya dace da shi ba. Lemon kwalba da Maltina da muka saba riƙowa suna ɗaga sukarin mai ciwon suga. Ayaba da lemon zaƙi, waɗanda kowa yake ɗauka abincin marasa lafiya ne, suna da sinadarin fotasiyam mai yawa, wanda ƙodar da ta gaza ba ta iya fitarwa, kuma taruwarsa a jini tana iya taɓa bugun zuciya. Farfesu mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano bai dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. Ka tambaya kafin ka saya. Abincin da ka dafo, in bai dace da mara lafiya ba, mai jinya yana buƙatarsa ƙwarai, domin sau da yawa shi ne yake wuni da yunwa.

Haka batun jiƙo da sassaƙe da garin magani. Kusan kowane mai dubiya yana da maganin da ya warkar da wani, kuma akan shigo da shi a ɓoye cikin gorar ruwa. Wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe suna lahanta ƙoda da hanta, wasu suna karo da maganin da likita ya rubuta, kuma idan jiki ya rikice likita ba zai san daga inda matsalar ta fito ba tun da an ɓoye masa. Idan an riga an ba shi wani abu, a faɗa wa likita gaskiya. Ruwan rubutu ko na tofi shi ma ruwa ne a cikin wanda aka hana sha, saboda haka a tambaya tukuna, ko a wadatu da addu'a. A Asibitin Ƙashi na Igbobi, inda ake kai 'yan'uwanmu da suka yi haɗari a kan babur, za ka ji masu dubiya suna zuga mutum ya sa hannu a sallame shi a kai shi wurin mai ɗori. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta taɓa jijiyar jini, idan aka ɗaure ta tamau ba tare da kulawar asibiti ba tana iya ruɓewa har a rasa ƙafar. Wanda ya ba da shawarar ba shi ne zai rayu da sakamakon ba, don haka ka kama bakinka a kan abin da ba ka da iliminsa.

Kada ka taɓa na'urorin da ke jikinsa. Idan ka ga ƙarin ruwa ya tsaya, ko ya ƙare, ko jini yana komowa cikin robar, ka kira nas, kada ka murɗa da kanka, domin an ƙayyade saurin ɗigarsa da lissafi. Inda ake ba mutum iskar oksijin, ba a kunna ashana ko sigari ko turaren wuta, saboda wuta tana ruruwa da ƙarfi a wurin. Turare mai ƙarfi a tufafi ma yana tayar wa mai asma da mai tashin zuciya hankali.

Yanzu ga abin da ya fi amfani a Legas, wanda kuma aka fi sakaci da shi. Yawancin ma'aikatan asibiti a nan da Turanci ko Yarbanci ko Turancin buroka suke magana, kuma akwai marasa lafiyarmu, musamman dattawa da matan da ba su daɗe da zuwa ba, waɗanda suke gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa alhali ba su fahimta ba. Idan kana jin harsunan nan, ka nemi izinin mara lafiya ka zama tafintarsa, ka faɗi abin da ya ce daidai ba ragi ba ƙari, ka kuma maimaita masa bayanin magani har ya zauna masa. Sannan ka dubi mai jinya. Za ka same shi a baranda, a kan kwali, da leda cike da rasit da takardun gwaji, kwana huɗu bai yi wanka mai daɗi ba, ya bar sana'arsa a rufe. Ka ce masa: "Sannu da jinya, Malam, je ka gida ka watsa ruwa ka huta, ina nan har magariba." Ka karɓi takardar magani ka bi layin biyan kuɗi a madadinsa. Ka kawo sabulu, da bokiti, da zanin gado mai tsabta, da cajar waya. Gudummawar kuɗi kuma a damƙa ta ga mutum ɗaya amintacce da zai riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ajiye kowane rasit, domin kada a fita daga jinya a shiga zargi.

Idan aka ce ana buƙatar jini, kada kowa ya sunkuyar da kai. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yana mayar da shi, kuma namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Ana gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere kafin a ƙara wa kowa. Ku je ɗakin ajiyar jini na asibitin da kanku, ku guji masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su samo jini a biya su. Abokai uku da suka miƙa hannu a ranar da ake nema sun yi wa mara lafiya abin da buhun lemo ba zai yi masa ba.

Ciwon mutum sirrinsa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya su ɓoye bayanin mara lafiya, saboda haka idan nas ta ƙi gaya maka abin da ke damun abokinka, aikinta take yi. Kada ka buɗe fayil ɗinsa, kada kuma ka ɗauke shi hoto yana kwance da roba a hanci ka watsa a WhatsApp ko Facebook da sunan neman addu'a, sai da yardarsa yana cikin hayyacinsa. Sau da yawa mahaifiya a ƙauye takan fara ganin irin wannan hoto kafin kowa ya kira ta ya yi mata bayani. Su ma na sauran gadajen da suka fito a bayan hoton ba su ba ka izini ba. Idan kuma ka ga wani sakaci da ya dame ka, ka nemi shugabar nas-nas ta ɗakin ka yi mata magana cikin natsuwa. Hayaniya a tsakiyar ɗaki tana bar wa mara lafiya zaman ɗari-ɗari da waɗanda za su kwana suna kula da shi bayan kai ka tafi.

Wasu ɗakuna suna da ƙa'idarsu ta daban. A ɗakin kulawa ta musamman akan bar mutum ɗaya ko biyu ne kawai daga makusanta, na ɗan lokaci. A ɗakin masu haihuwa maza su tsaya inda aka ce su tsaya, mata kuma su wanke hannu kafin su karɓi jariri, kada a sumbace shi a fuska, kada kuma a kawo kayan jarirai da aka adana da ƙwallayen kafur, domin suna iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Wanda aka kwantar a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Yaba shi ma mara lafiya ne kamar kowa, yana da haƙƙin dubiya, kuma shi ne aka fi gudu. Ka je, ka kira shi da sunansa na girmamawa, ka yi masa hirar da kuka saba.

Ranar sallama ma tana buƙatar mutum. Wanda aka yi wa aiki a ciki ko aka saka wa ƙarfe a ƙafa ba zai iya kokawar shiga danfo a Oshodi ba, saboda haka a tanadi mota tun kafin a kammala biyan kuɗi. A karɓi bayanin yadda zai sha magani, a rubuta masa da Hausa ko da ajami a jikin kowane ƙunshi, a kuma riƙe ranar da aka ce ya dawo ganin likita. Idan iyali sun yanke shawarar a mayar da shi gida Arewa ya ƙarasa jinya, a tambayi likita ko jikinsa zai ɗauki doguwar tafiya, sannan a karɓi takardar bayanin ciwonsa da sakamakon gwaje-gwajensa, a saka su cikin leda a jakar da zai riƙe a hannu, domin likitan da zai gani a can ya san daga inda zai ɗora.